Iskar da Ba a Aunawa: Hayaƙi da Ƙura a Matsakaitan Garuruwanmu



Ya 'yan uwa masu karatu, a duk lokacin da aka ambaci gurɓatar iska, zukatanmu sukan tafi Legas, ko Alƙahira, ko Delhi ta ƙasar Indiya, inda motoci ke cunkushe kuma masana'antu ke tuttuɗo hayaƙi dare da rana. Mutumin Zariya ko Gusau ko Azare ko Maraɗi yakan ji wannan labari kamar yadda ake jin labarin gobara a wata ƙasa mai nisa, ya yi addu'a ya wuce. Wannan natsuwar ba ta da tushe. Ba mu taɓa auna iskar yawancin garuruwanmu ba, don haka ba mu da hujjar cewa tsabtatacciya ce. Abin da muke da shi kawai shi ne rashin labari, kuma Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu. Ra'ayina a taƙaice shi ne: matsakaitan garuruwa su ne suka fi buƙatar a duba lamarin iskarsu yanzu, domin cutar ta riga ta iso gare su, ma'auni bai iso ba, kuma gyara a wurinsu har yanzu yana da sauƙi.

Abokan gaba biyu da ido ba ya gani

Likitoci sun fi damuwa da abubuwa biyu a cikin iskar gari. Na farko shi ne ƙananan ƙwayoyin ƙura da hayaƙi waɗanda masana ke yi wa laƙabi da PM2.5. Ma'anar lambar ita ce faɗin kowace ƙwaya bai wuce maikiromita 2.5 ba, wato sai an jera kusan talatin daga cikinsu kafin su kai kaurin silin gashin kai guda ɗaya. Ƙura mai kauri, irin wadda ke sa mu atishawa, gashin hanci da majina sukan tare mafi yawanta. Waɗannan ƙananan kuwa suna wucewa har can ƙarshen huhu inda jini ke karɓar iska, mafi ƙanƙantarsu ma su tsallaka cikin jinin. Wannan ne ya sa illarsu ba ta tsaya ga tari da asma ba. Tana kaiwa ga ciwon zuciya, da shanyewar ɓarin jiki, da sankarar huhu, da ciwon nimoniya ga yara, da haihuwar jarirai marasa nauyi. A shekarar 2013 cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya gurɓatacciyar iskar waje cikin jerin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa sankara ga ɗan Adam.

Na biyu shi ne iskar ozon. A nan ɗalibai sukan rikice, domin sun karanta a makaranta cewa ozon garkuwa ce da ke kare mu daga hasken rana mai cutarwa. Gaskiya ne, amma wannan ita ce ozon ɗin da ke can sama, kilomita goma sha biyar zuwa talatin da ɗoriya daga ƙasa. Idan ta samu a nan inda muke numfashi, guba ce mai ƙona hanyoyin iska na huhu. Abin mamaki game da ita shi ne babu salansar mota ko bututun masana'anta da ke fitar da ita kai tsaye. Dafa ta ake yi a sarari: hayaƙin injuna da na ƙone-ƙone ya haɗu da tururin fetur da makamantansa, zafin rana ya zama murhu, sai ozon ta fito. Wani masanin kimiyya mai suna Arie Haagen-Smit ne ya gano haka a farkon shekarun 1950, lokacin da yake binciken hazon da ke sa mutanen Los Anjelis hawaye. Tunda rana ce ke dafa ta, takan fi yawa tsakanin Azahar da La'asar, kuma tunda dahuwar tana ɗaukar sa'o'i, iska takan kwashe kayan haɗin daga inda aka fitar da su ta kai su gaba. Sau da yawa garin da ke bayan babban birni, da gonakin da ke kewaye da shi, sun fi tsakiyar birnin shan ozon. Tana kuma rage amfanin gona, musamman alkama da waken suya da dangin wake.

A shekarar 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsaurara ƙa'idojinta. Ta ce matsakaicin PM2.5 na shekara kada ya wuce maikirogiram 5 a kowace mita kubik ta iska, bayan a da ta amince da 10, kuma na yini guda kada ya wuce 15. Ga ozon kuwa ta sanya 100 a matsakaicin sa'o'i takwas. Hukumar ta ƙiyasta cewa gurɓatar iskar waje ta jawo mutuwar mutum miliyan 4.2 a shekarar 2019, kuma idan aka haɗa da hayaƙin girki na cikin gida adadin yakan kai kimanin miliyan 6.7 a shekara. Mafi yawan waɗannan rayuka a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaici suke.

Darasin ya fito ne daga ƙananan garuruwa

Wanda ya bi tarihin wannan ilimi zai ga cewa manyan hujjojinsa ba daga manyan birane kaɗai suka fito ba. A ƙarshen watan Oktoba na 1948, a wani gari mai suna Donora a Amurka, wanda mazaunansa ba su wuce dubu goma sha huɗu ba, iska ta tsaya cik a cikin kwarin da garin yake. Hayaƙin masana'antun ƙarfe da na zinki ya rasa mafita har tsawon kwana biyar. Mutum 20 suka mutu, dubbai suka kwanta rashin lafiya, sai da ruwan sama ya sauka sannan garin ya numfasa. Wannan ya faru shekara huɗu kafin shahararren hazon Landan na 1952.

Daga 1974 masu bincike na Jami'ar Harvard suka fara bibiyar lafiyar mutane sama da dubu takwas a garuruwa shida na Amurka, yawancinsu ƙanana da matsakaita. Da suka fitar da sakamakon a 1993, ya bayyana cewa a Steubenville, garin masana'antar ƙarfe da ya fi kowanne ƙura, haɗarin mutuwa ya ɗara na Portage, garin da ya fi kowanne tsabtar iska, da kashi 26 cikin ɗari, ko bayan an cire tasirin shan taba da sauran dalilai. Babu wani hazo mai ban tsoro da ya rufe Steubenville a rana ɗaya. Numfashin yau da gobe ne ya yi wannan aikin, a hankali, ba tare da an yi shela ba. Da aka ci gaba da binciken kuma aka ga cewa inda ƙurar ta ragu, mace-macen ma sun ragu.

Akwai misali na uku da ya kamata iyaye su riƙe. A kwarin Yuta, inda garuruwan Provo da Orem suke, wata babbar masana'antar ƙarfe ta tsaya da aiki daga 1986 zuwa 1987 saboda rikicin ma'aikata. Wani mai bincike, Arden Pope, ya duba rajistar asibitocin yankin, ya tarar cewa a damunar sanyin da masana'antar ke aiki, yaran da ake kwantarwa saboda ciwon numfashi sun ninka na lokacin da take rufe sau biyu ko fiye. Har yau ɗin nan, idan ƙungiyar kula da lafiyar huhu ta Amurka ta fitar da jerin garuruwan da suka fi ƙurar PM2.5, sunayen da ke yawan zuwa a sama su ne Bakersfield da Fresno da Visalia, garuruwan manoma a wani kwari na Kalifoniya, suna gaban Niyok mai miliyoyin jama'a. Ashe girman gari ba shi ne ma'auni ba. Abin da ake ƙonawa, da yanayin ƙasa, da yadda iska ke tafiya su ne ma'auni.

To mu fa?

Mu a ƙasar Hausa muna zaune a bakin hanyar ƙura mafi girma a duniya. A arewacin Chadi akwai wani kwari da ake kira Bodele, busasshen gindin wani tsohon tafki, wanda masana suka tabbatar babu wani wuri guda a doron ƙasa da ke tayar da ƙura kamarsa. Daga Nuwamba zuwa Maris iskar arewa maso gabas tana ɗebo wannan farar ƙura ta zubo mana, mu kira ta hazo. Ba abin mamaki ba ne da rahotannin kamfanin IQAir suka sanya Chadi a matsayin ƙasar da ta fi kowace yawan PM2.5 a 2022 da kuma 2024, da adadin da ya kai kusan 90, wato ninki goma sha takwas na ƙa'idar Hukumar Lafiya. A jerin da hukumar ta fitar a 2016 kuma, Anaca ce ta zo ta farko a duniya wajen ƙura mai ɗan kauri, sannan Kaduna da Aba da Umuahiya suka shiga cikin ashirin na farko.

A nan ne hujjar farko ta masu kawar da kai take fitowa. Sukan ce hazo daga Allah yake, babu gwamnan da zai tare iskar hunturu. Wannan gaskiya ce, amma rabin magana ce. Hazo baƙo ne na wata huɗu ko biyar. Hayaƙin da muke yi da hannunmu kuwa ɗan gida ne, yana nan rani da damina. Mai karatu ya zaga garinsu da idon basira. Ga bola ana cinna mata wuta da magariba, cike da leda da robobi da tsofaffin batura. Ga kwata inda ake babbakar fata da kawuna da tsofaffin tayoyi. Ga gidan burodi mai tanderun itace a tsakiyar unguwa. Ga janareta a ƙofar kowane shago, salansarsa tana kallon tagar maƙwabci. Ga manyan motocin dizal da ke ratsa tsakiyar gari saboda babu hanyar bayan gari, su kwana a tasha injin yana ruri. Ga tsofaffin babura da adaidaita sahu. Ga ƙonon kara da daji bayan kaka. Ga murhun itace da gawayi a cikin gida, wanda magidanta da yawa suka koma gare shi tun da kuɗin gas da kananzir suka fi ƙarfinsu. Ƙwayoyin da ke fitowa daga wuta ƙanana ne ƙwarai, kuma suna ɗauke da baƙin kunkunniya da sinadarai masu guba. Wannan hayaƙin, idan ya haɗu da ranar ƙasarmu, shi ne kayan haɗin ozon, kuma awon da aka yi a sararin Afirka ta Yamma ya nuna tana hauhawa a lokacin rani, lokacin ƙonon daji.

Akwai kuma wani sirri na lokacin sanyi. A ka'ida iska mai ɗumi takan tashi sama ta tafi da hayaƙi. Amma a daren hunturu ƙasa tana hucewa da sauri, iskar da ke kusa da ita ta yi sanyi ta yi nauyi, mai ɗumi ta zauna a kanta kamar murfin tukunya. Duk abin da aka ƙona daga Magariba zuwa hantsi yana nan a ƙarƙashin murfin. Wannan shi ne farin labulen da ake gani shimfiɗe a kan unguwa bayan sallar Asuba, kuma irin murfin da ya rufe Donora ke nan. A daidai wannan lokaci ne muke hura wutar jin ɗumi da taya da leda, a daidai lokacin ne yara ke tafiya makaranta da ƙafa a gefen titi. Yaro yana numfashi da sauri fiye da babba, hancinsa ya fi kusa da salansa, huhunsa bai gama ginuwa ba. Asusun UNICEF ya ƙiyasta cewa a 2018 nimoniya ta kashe yara 'yan ƙasa da shekara biyar kimanin 162,000 a Najeriya, adadin da ya fi na kowace ƙasa. Hayaƙi ba shi kaɗai ne sanadi ba, amma Hukumar Lafiya ta Duniya tana danganta kusan rabin irin wannan mutuwar ta yara da hayaƙin girki da suke shaƙa a gida.

Hujjar talauci

Hujja ta biyu ta fi ta farko nauyi. Za a ce: wanda bai samu na tuwo ba, ina zai samu na gas? Wanda ba a kawo masa wuta ba, da me zai kunna injin niƙa ko firijin sayar da ƙanƙara? Wannan tambaya ce ta gaskiya, kuma duk wanda ya yi wa talaka wa'azin tsabtar iska ba tare da ya amsa ta ba, ya yi aikin banza.

Abin sha'awa shi ne malamanmu na Malikiyya sun fuskanci wannan tambayar tun ƙarnoni da suka wuce, domin hayaƙin maƙwabci tsohuwar shari'a ce. Ɗaliban da suka kai Muhtasar na Shehu Halil sun san ya kawo hukuncin hana hayaƙi irin na gidan wanka da wari irin na majema idan suna cutar da maƙwabta. A Tunis kuma, a ƙarni na takwas bayan Hijira, wani magini masani mai suna Ibnur Rami, wanda alƙalai ke turawa duba rigingimun gine-gine, ya tattara irin waɗannan hukunce-hukunce a littafinsa Al-I'ilan bi Ahkamil Bunyan. Malaman sun bambance tsakanin hayaƙin girkin gida, wanda babu mai wadatuwa daga gare shi kuma ake haƙuri da shi, da hayaƙin tanderun kasuwanci da gidan wanka da aka ƙirƙiro a tsakiyar mutane, wanda maƙwabta ke da ikon hanawa. Wannan rabe-raben shi ne mabuɗin amsar. Ba a fara da tukunyar marainiya ba. Ana farawa da cutar da ake iya kawarwa ba tare da an hana kowa abincinsa ba.

Ƙona bola bai taɓa ciyar da kowa ba. Babbaka da taya tana da madadi, kuma naman ma ya fi tsabta idan an bar ta. Juya salansar janareta daga tagar maƙwabci, ko ƙara mata bututu ta yi sama, aikin mai walda ne na rabin yini. Kashe injin babbar mota a tasha ma riba ce ga mai ita. Fitar da murhu daga ɗaki zuwa fili, da busar da itace kafin a hura, da sauke goyo a ba wani ya riƙe kafin a durƙusa gaban wuta, duk ba su buƙatar kasafin kuɗi. Talauci uzuri ne ga wasu abubuwa, amma mun shimfiɗa shi ya rufe har da abin da sakaci ne tsagwaronsa.

Abin da ya rage wa hukuma da masu ilimi

Aikin farko shi ne awo. Abin da ba a auna ba, ba a yin rigima a kansa, kuma abin da ba a rigima a kansa ba ya shiga kasafi. Birnin Bejin misali ne. A 2008 ofishin jakadancin Amurka ya kafa na'ura guda ɗaya a kan rufinsa yana wallafa adadin PM2.5 kowace sa'a. Jama'a suka fara tambaya, hukumomin ƙasar Sin suka fara fitar da nasu alƙaluman, a 2013 suka ƙaddamar da babban shiri, cikin shekara takwas ƙurar ƙasar ta ragu da kusan kashi 40 cikin ɗari. A yau akwai ƙananan na'urorin awo da kuɗinsu bai kai na babur ba, masu aiki da hasken rana, masu aika sakamako ta intanet. Me zai hana Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa a Katsina, da jami'o'in Maraɗi da Damagaram, kowace ta dasa irinsu a kasuwa da tasha da kwata da bakin makarantar firamare? Ɗalibin da ke neman abin da zai rubuta kundin kammala karatu a kansa, ga fili nan a buɗe. Gidajen rediyo kuma su riƙa karanta adadin da safe kamar yadda suke karanta farashin hatsi, domin mai asma da mai hawan jini da mai juna biyu su san ranar da ya kamata su rage fita.

Aiki na biyu na ƙananan hukumomi ne da gwamnatocin jihohi: kwashe shara a kan lokaci domin kada a ƙona ta, da samar wa mahauta abin babbaka mai gas, da ware wa gidajen burodi da masu niƙa wuri tun kafin unguwa ta kewaye su, da karkatar da manyan motoci bayan gari, da shafe manyan titunan ƙasa da kwalta, da dasa itatuwa a gefen iskar arewa. Najeriya tana da hukumar kare muhalli ta NESREA tun 2007, kuma dokokin hana ƙone-ƙone a fili ba su yi ƙaranci ba. Mai aiwatarwa ne ya yi ƙaranci. Ingancin man da ake shigowa da shi ma abin sa ido ne, domin a 2016 wata ƙungiya a Suwizalan ta fallasa yadda ake sayar wa Afirka ta Yamma dizal mai ɗauke da sinadarin farar wuta ninki ɗaruruwa fiye da abin da Turai ta yarda a sayar a gidanta.

A nan ne matsakaicin gari ya fi babban birni sa'a. Legas da Kano sun riga sun cushe, duk gyaran da za a yi musu sai an rusa an biya diyya. Funtuwa da Potiskum da Birnin Kebbi da Hadeja har yanzu suna da fili, suna da damar yanke shawarar inda tasha za ta zauna da inda kwata za ta koma. A irin waɗannan garuruwa mai unguwa ya san mai gidan burodi, limami ya san sarkin pawa, magana ɗaya a majalisar hakimi tana iya yin abin da takardar doka ba ta yi ba a shekara goma. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ga magidanta kuwa, ga 'yan shawarwari. A ranar da hazo ya yi kauri a rage wa yara da tsofaffi zirga-zirga, a rufe tagogin da ke fuskantar titi, a yayyafa ruwa kafin shara. A sani cewa rawani da mayafi da takunkumin yadi suna tare ƙura mai kauri ne kawai. Wanda ke tare ƙananan ƙwayoyi shi ne samfurin N95 idan ya zauna daidai a fuska, shi ma ba ya tare ozon, don haka mai ciwon ƙirji ya guji aiki mai wahala a tsakar rana lokacin bazara. Kada a kwana da gawayi ko janareta a rufaffen ɗaki ko kusa da taga, domin wannan kisan dare ɗaya yake yi. Yaron da numfashinsa ya yi sauri, ko ƙirjinsa ke lotsawa idan ya ja iska, a garzaya da shi asibiti ba tare da jiran gobe ba.

Mutum yana iya zaɓen ruwan da zai sha da abincin da zai ci, amma ba ya zaɓen iskar da zai shaƙa. Abin da maƙwabcinsa ya ƙona shi zai shiga ƙirjinsa da na 'ya'yansa, ko ya so ko bai so ba. Shi ya sa hakkin iska ya fi ƙarfin a bar shi ga gwamnati ita kaɗai, ya kuma fi ƙarfin a bar shi ga ɗaiɗaikun mutane. Hazon Bodele zai dawo a watan Nuwamba kamar yadda ya saba, wannan ba a hannunmu yake ba. Ashanar da za a ƙyasta wa bolar unguwa da magaribar yau kuwa, a hannun ɗayanmu take.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya raya mana zuriya, Ya sa mu zama masu kawar da cuta daga maƙwabtanmu.